Rage bashin gida ko tara kuɗin hutun yara: yadda nake raba abin da ya yi saura

Duk wadda ke biyan bashin gida a Ingila ita kaɗai, ga yara a hannu, ta san lissafin ƙarshen wata. Banki ya ɗauki nasa, an biya wuta da gas da harajin kansul, an yi cefane, sai ki ga fam 150 ko 200 sun yi saura. Wata zuciyar ta ce ki tura wa banki a rage bashi. Wata ta ce ki ajiye, idan dogon hutun Yuli da Agusta ya zo yaran nan su ma su fita su ga wani wuri. Ni duka biyun nake yi kowane wata, amma ba raba daidai nake yi ba, kuma akwai abin da ke gaba da su. Zan riƙa cewa "ke" don mata muka fi yawa a wannan hali, amma uban da ke riƙe da 'ya'yansa shi kaɗai lissafinsa ɗaya da namu.

Ki fara sanin abin da ƙarin biya yake saya miki

A ce bashinki fam 150,000 ne, na shekara 25, kuɗin ruwa kashi 4.5 cikin ɗari. Biyanki na wata zai kama wajen fam 834. A watan farko, fam 562 da 'yan kwabbai na ruwa ne zalla, fam 271 kacal ke taɓa uwar kuɗin. Idan ruwan bai motsa ba har ƙarshe, za ki biya banki ruwa na kusan fam 100,000 ban da abin da kika ara. Wannan ne ke hana mutum barci, kuma shi ya sa ƙarin biya yake da daɗin ji: duk fam ɗin da kika ɗora a kai, uwar kuɗin yake ci kai tsaye, ruwan da zai haifa nan gaba ya mutu tare da shi.

Ki ƙara fam 50 a wata, bashin zai ƙare da wuri da kusan shekara biyu da rabi, ki tsira da wajen fam 11,000. Ki ƙara 100, ya ragu da shekara huɗu da rabi, ki tsira da wajen 20,000. Ki ƙara 200, shekara bakwai da rabi, wajen 33,000. Ki lura da yadda abin yake tafiya. Hamsin ɗin farko ta fi ta biyu aiki, ta biyu ta fi ta uku. Wato ƙaramin ƙari da ba ya yankewa yana ɗauko kaso mai tsoka na amfanin, ba sai kin matse gidan gaba ɗaya ba.

Yanzu ga lissafin da ya zaunar min da hankali. A ce fam 200 ke miki saura. Hanya ta farko, ki zuba duka a bashi tun daga yau. Hanya ta biyu, shekara goma na farko ki ba bashi 50, ki ba asusun hutu 150, wato fam 1,800 a shekara, bayan nan da yara sun girma ki mayar da duka 200 kan bashi. Ta hanya ta biyu bashin zai ƙare a cikin shekara 20 da 'yan watanni, ki tsira da wajen fam 17,000. Bambancinta da ta farko kusan fam 16,000 ne na ruwa da jinkirin da bai kai shekara uku ba. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, ba zan rufe miki ba. Amma shi ne ainihin farashin hutun shekara goma da 'ya'yanki suna ƙanana, kuma gara ki gan shi da idonki ki yanke shawara, da ki riƙa jin nauyin zuciya duk lokacin da kika sayi tikitin jirgin ƙasa. Ni na duba na ce na yarda da wannan ciniki. Babbar 'yata ta shiga sakandare, ta fara fifita fita da ƙawayenta, ina ganin ƙofar tana rufuwa a hankali. Shi kuwa bashin, ko da shekara goma ta wuce, ƙarin biya zai ci gaba da yi masa aiki.

Waɗannan alƙaluma misali ne. Ki saka naki a na'urar lissafin ƙarin biya da ke shafin bankinki na intanet, minti biyar ya isa.

Abin da ke gaba da su duka

Kuɗin da kika tura wa banki a matsayin ƙari ya shiga bango ke nan. Ba za ki iya zaro shi ranar da tukunyar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar Janairu ba, ko ranar da aka rage miki awannin aiki. Gidan da ke da albashi biyu, idan ɗaya ya tsaya ɗayan zai riƙe. Mu babu na biyu. Kuma ki sani, Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ya biyan bashin gida kamar yadda yake taimaka wa masu haya. Abin da gwamnati ke bayarwa ga mai gida shi ne taimakon biyan ruwa kawai, shi ma rance ne da ake ɗora wa gidan, kuma sai kin yi wata uku a kan Universal Credit kafin ki samu. Saboda haka kafin ki ƙara wa banki ko kwabo, ki tara kuɗin ko-ta-kwana. Ana yawan cewa na wata uku zuwa shida na dukkan kashe-kashen dole. Mai riƙon yara ita kaɗai, ni dai ina ganin ta nufi shida, ko da zai ɗauke ta shekara biyu. A lokacin da kike tara shi, ƙarin biya ya dakata, amma asusun hutu kada ya mutu, ko fam 20 ce ki riƙa sakawa.

Idan akwai bashin katin banki a kanki, wanda ruwansa sau da yawa ya haura kashi 20, shi za ki fara kashewa. Babu dabara a rage bashi mai kashi 4.5 ana barin mai kashi 20 yana hayayyafa. Kada kuma ki fita daga fanshon wurin aiki don ki samu na ƙarin biya, domin duk wata mai aikinki yana zuba aƙalla kashi 3 a ciki, kin fita kin bar masa. Inshorar rai da za ta share bashin idan ta Allah ta kasance, ita ma tana gaba. Ba magana ce mai daɗi ba, amma yaran ba su da wani rufin sai wannan.

Ɗauko takardar bashin ki karanta

Yawancinmu muna kan yarjejeniyar da aka tsayar da ruwa na shekara biyu ko biyar. A irin wannan, bankuna da yawa suna barin ki ƙara har kashi 10 na bashin a shekara ba tara. Kin wuce haka, sai tarar biya da wuri, wadda ta kan kama daga kashi 1 zuwa 5. A bashin fam 150,000 kashi 10 fam 15,000 ne, don haka mai ƙara 50 ko 100 a wata ba ta kusa da iyakar. Inda ake faɗawa shi ne idan gado ya zo, ko kuɗin sallama daga aiki, aka zuba a dunƙule. Ki duba ko kashi 10 ɗin na bashin da ya rage ne ko na asalin abin da kika ara, kuma shekarar tasu daga Janairu take farawa ko daga watan da kika sa hannu.

Sai ki buga musu waya, domin akwai tambayar da takarda ba ta cika fayyacewa ba: idan na ƙara, me kuke yi da shi? Wasu bankunan suna rage miki biyan wata su bar shekarun yadda suke. Wasu suna barin biyan wata yadda yake, shekarun su ragu. Alƙaluman da na kawo a sama sun dogara ne da cewa jimillar abin da kike biya kowane wata ba ta sauka ba. Idan banki ya sauke biyanki da fam 3, ke kuma kika ci gaba da ƙara 50 a kan sabon, kin rage wa kanki amfani ba ki sani ba. Ni abin da na faɗa wa ma'aikaciyar da ta ɗauki wayar shi ne, "Ina so abin da ke fita daga asusuna kowane wata ya tsaya a adadi ɗaya, ko da kun sake lissafi." Ta ce to sai in riƙa duba wasiƙar da suke aikowa in gyara umarnin biyan da kaina. Haka nake yi.

Amma kada ki bari a gajarta miki shekarun a rubuce cikin yarjejeniya. Idan aka mayar da 25 ta koma 20 a takarda, biyan wata mai nauyi ya zama dole a kanki, ko kina da shi ko babu. Ƙarin da kike yi don ganin dama kuwa, ranar da abu ya matse sai ki tsayar da shi da danna waya. Ki tambaya kuma ko suna ajiye lissafin ƙarin da kika yi, domin wasu bankunan suna barin wanda ya yi ƙari ya rage biya ko ya ɗan huta idan ya shiga matsi. Ga mai albashi ɗaya, wannan sharaɗin yana da daraja ƙwarai.

Idan gidanki ta tsarin da babu ruwa kika saya, wanda banki ke tarayya da ke a mallaka kina biyan haya a kan kasonsa, tunanin bai canza ba: duk kason da kika ƙara saya, hayarsa ta faɗi. Sai dai lokacin da aka yarda a yi ƙarin da mafi ƙarancin abin da za a karɓa suna cikin yarjejeniyarki, can za ki duba.

Asusun hutu

Ki buɗe masa asusu nasa daban, ki sa masa suna, kada ya haɗu da na ko-ta-kwana. Kuɗin da ke zaune a wuri ɗaya da na cefane, cefane ne zai cinye shi. Ki sa umarni a banki ya fita da kansa washegarin ranar albashi, shi da na ƙarin biya, tun ba ki gan su ba.

Ta baya ake lissafinsa. Ki fara yanke inda za ku da abin da zai ci, har da kuɗin mota zuwa tasha da abincin hanya da abin da yara za su ce a saya musu, sannan ki raba da watannin da suka rage. Ki kuma sa a ranki cewa kamfanonin yawon buɗe ido da manya biyu suke lissafin ɗaki. Tallan nan na "yaro kyauta" galibi sai manya biyu sun biya cikakke, kuma idan ke kaɗai ce babba, sau da yawa ɗaya daga cikin yaran kuɗin babba za a caje shi. Don haka farashin da kika gani a talla ba naki ba ne, sai kin saka babba ɗaya da shekarun yaranki kin ga abin da ya fito. Shi ya sa na fi karkata ga hayar ƙaramin gida ko karaban a bakin teku, inda kuɗin wuri ake biya ba na kai ba. Wata 'yar uwa da ita ma ke riƙon nata ita kaɗai, idan jininku ya haɗu, ku kama wuri ɗaya ku raba. Kin samu sauƙin kuɗi, kin kuma samu wadda za ta sa ido a kan yara ki yi wanka a natse.

Akwai kuɗaɗen da ke ɓuya a cikin shekara waɗanda nake kamawa in tura can. Harajin kansul a kan biya shi sau goma, daga Afrilu zuwa Janairu, don haka Fabrairu da Maris babu. Kuɗin wata biyun nan kafin su narke, asusun hutu. (Ki tabbata kina samun ragin kashi 25 na gidan da babba ɗaya ke ciki, sai an nema ake bayarwa.) Kuɗin tallafin yara kuma duk mako huɗu ake biya, wato sau 13 a shekara, akwai watan da zai shigo sau biyu. Na goma sha ukun nan ma can yake tafiya. Kuɗin ciyarwa da uban yara ke aikowa, idan ba mai tsayawa a kan lokaci ba ne, kada ki gina wani biya na dole a kansa. Ya zo, ki raba shi yadda kika ga dama. Bai zo ba, tsarinki na nan.

Idan kina aiki kuma kina karɓar Universal Credit, ki duba asusun Help to Save. Ana saka har fam 50 a wata, gwamnati ta ɗora kwabo 50 a kan kowace fam, har fam 1,200 a shekara huɗu. Babu ƙarin biyan bashin gida da zai ba ki irin wannan. Amma ladan a kan mafi girman abin da ya taru ake lissafa shi, a ƙarshen shekara ta biyu da ta huɗu, saboda haka ya fi dacewa da kuɗin ko-ta-kwana ko wata babbar tafiya da kike hange nan da shekara biyu, ba abin da za a kwashe duk Agusta ba. Ki kuma riƙe cewa ajiyar da ta haura fam 6,000 tana fara rage Universal Credit, ta haura 16,000 ya tsaya, alhali darajar gidan da kike ciki ba a lissafa ta. Wadda ajiyarta ke dab da 6,000, nan ƙarin biya ya fi mata ma'ana.

Za a ba ki shawarar ki cire yara daga makaranta mako ɗaya kafin hutu don farashi ya fi sauƙi. Tun Agustan 2024 tarar a Ingila fam 80 ce a kan kowane yaro ga kowane mahaifi, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba, karo na biyu cikin shekara uku 160 ne kai tsaye, na uku kuma maganar na iya kaiwa kotu. Ni ba na yi. Na fi son in nemi makon ƙarshe na Agusta, ko gajeren hutun Mayu ko na Oktoba, inda sau da yawa farashi ke sassautawa.

Idan ƙasar waje za ku, abu biyu. Fasfon yaro shekara biyar yake yi, ba goma ba, ki duba shi tun Janairu ki sa kuɗin sabuntawa a lissafi. Sannan doka ta ce sai da izinin duk wanda ke da haƙƙin iyaye a kan yaron, sai fa idan akwai umarnin kotu da ya ce a wurinki yake zaune, wanda ke ba ki damar fita da shi har kwana 28. Ki karɓi wasiƙar izini a rubuce kafin ki biya kuɗin da ba a mayarwa, ki tafi da takardar haihuwa idan sunan ƙarshe naki da na yaron ba ɗaya ba ne. Tafiyar da aka haɗa jirgi da masauki, ki tabbata tana da kariyar ATOL, wato tsarin da ke kare kuɗinki idan kamfanin ya durƙushe.

Ba kuma kowace shekara ce ta jirgin sama ba. Shekarar da aljihu ya yi sanyi, katin rangwamen jirgin ƙasa na iyali yana cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin babba da kashi 60 na yaro, manyan gidajen tarihi na Landan kuma shiga kyauta ne. Ƙaramin ɗana ya tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan katon kifin nan da ke rataye a zauren gidan tarihin halittu, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya yi mako yana ba malamarsa labari. Kuɗin jirgi da abincin da na ƙunso daga gida ne kawai suka fita.

Lokacin da nake karkatar da ma'aunin

Rabon 50 da 150 ba wahayi ba ne. Akwai shekarar da bashi ya kamata ya ci kaso mafi girma, ita ce shekarar da yarjejeniyarki za ta ƙare. Bankuna suna sa farashin ruwa ne bisa yawan bashin idan an gwada shi da darajar gidan, a matakai irin su kashi 90, 85, 80, 75 da 60. A ce gidan ya kai fam 200,000, bashin da ya rage 152,000, kina kan kashi 76 ke nan. Fam 2,000 za su sauke ki zuwa 75, ki shiga matakin da ruwansa ya fi sauƙi na shekara biyu ko biyar masu zuwa. A irin wannan shekara, na yarda a yi ƙaramin hutu a tura sauran banki. Idan kuwa tsakaninki da matakin gaba fam 15,000 ne, kada ki wahalar da yara a banza. Ki fara wannan lissafi tun saura wata shida, domin daga lokacin ake iya kama sabon farashi.

Sai kuma abin da ruwan kansa yake yi. Ruwan Babban Bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 ya kai 5.25 a Agustan 2023. Waɗanda suka riga suka kama ruwa ƙasa da kashi 2 kafin nan, a lokacin asusun ajiya ya fi ba su riba a kan ƙarin biya, sai su tara a gefe su zuba a dunƙule ranar da yarjejeniya ta ƙare. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗora ribar ajiya bayan haraji kusa da ruwan bashinki, wanda ya fi girma shi ya ci. Mai biyan haraji a matakin farko, fam 1,000 na farko na ribar ajiya babu haraji a kansa, asusun ajiyar da ake kira ISA kuwa babu ko kaɗan.

Duk lokacin da wani nauyi ya sauka, kamar ranar da ƙaramin ya shiga makaranta kuɗin renon yara ya faɗi, ko aka ƙara albashi, rabin abin da ya dawo hannuna nake ɗorawa a kan ƙarin biya tun a watan farko, kafin gida ya saba da shi. Takardar bayanin bashi tana zuwa sau ɗaya a shekara. Ranar da ta zo nake zama in duba abin da ya rage, ranar da yarjejeniya za ta ƙare, da ko asusun ko-ta-kwana ya cika bayan abin da aka taɓa. Idan an taɓa shi, ƙarin biya nake tsayarwa har ya koma yadda yake, na hutu kuma ya ci gaba da fita a ranarsa.